Na saya da kuɗina, me yasa zan cigaba da biya duk wata? Tambayoyi da amsoshi

Ni sana'ata gyaran kayan wuta ce, firij, talabijin, injin wanki, dutsen guga, kwanan nan kuma har da sola. Tunda na fara ƙorafi akan kayan nan da ake sayar maka amma kamfani ya riƙe makullinsu, kullum sai an tare ni da tambaya a shago ko a waya, wata tambayar ma an maimaita ta yafi sau goma, shi yasa nace bari in tattara su waje ɗaya in amsa.

Wai me ake nufi da kayan gida na biyan wata-wata?

Abu ne da ka biya kuɗinsa, aka ɗora maka a adaidaita ka kai gida ka jona a wuta, amma ba zai yi maka aiki yadda ya kamata ba sai kana turawa kamfanin da ya ƙera shi wani kuɗi duk wata. Turawa sabskirifshan suke cewa, mu nan kuɗin wata muke kiransa. Ranar da ka fasa biya daga can inda suke za su kulle shi ta intanet, ko shi da kansa ya ƙirga kwanaki ya tsaya, alhali babu abinda ya lalace a jikinsa, ka kwance shi ka sa mita ko'ina wuta tana zagayawa lafiya lau.

Amma fa a rarrabe, kar a haɗa komai a kwando ɗaya. Akwai bashi, kana biya kaɗan-kaɗan har ka gama kaya ya zama naka, wannan tun kaka da kakanni ana yi, dillaliya ma haka take baiwa mata atamfa. Akwai haya, an faɗa maka tun farko haya ce, ka gama amfani ka mayar. Wanda yake ƙona min rai shine na ukun, ka biya kuɗin saye cikakke, an baka rasit, kaya yana ɗakinka yana shan wutarka, in ya lalace kai zaka gyara, amma kuma kuɗin wata ba shi da ranar ƙarewa, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan.

Da gaske akwai kamfanin da yake haka ko dai zuzutawa ce?

Wallahi babu zuzutawa. Ɗauki firinta tunda ita ce uwar tafiyar. Kamfanin HP tun 2013 yake da wani tsari da yake kira Instant Ink, ba tawada kake saye ba, yawan shafin da zaka buga a wata kake biya, su kuma su aiko maka da kwalin tawada. Dole firintar ta riƙa hawa intanet don su ga shafi nawa ka buga, kuma ranar da ka fita daga tsarin kwalin tawadar nan ya daina aiki ko da cike yake maƙil. A watan Janairun 2024 shugaban kamfanin na lokacin Enrique Lores ya faɗa da bakinsa a tashar CNBC cewa burinsu nan gaba shine buga takarda ya koma na biyan wata-wata, ba'a daɗe ba kuwa suka fito da wani tsarin a Amurka wanda ita kanta firintar ma ba taka bace, a lokacin kana biyan dala 6.99 a wata a baka damar buga shafi 20.

Sai Peloton masu injin gudu na motsa jiki a gida. Injin da kuɗinsa ya haura dala 4,000, a 2021 suka sabunta manhajarsa sai masu shi suka tarar ko gudu kawai ba zasu iya yi akai ba sai da biyan dala 39 a wata, sai da mutane suka yi caa a kansu sannan suka gyara. Akwai Wink, wani ɗan akwati mai haɗa fitilu da makullan gida da waya, an sayar da shi akan babu kuɗin wata, a 2020 suka ce ko dai a fara biyan dala 4.99 ko akwatin ya daina aiki, wa'adin sati ɗaya suka fara bayarwa. A Koriya ta Kudu kuwa LG da Samsung dukkansu suna da tsarin firij da injin wanki na biyan wata-wata, sannan a 2025 Samsung ya fara saka talla akan allon wasu firij ɗinsa masu tsada a Amurka, firij ɗin da mutum ya riga ya biya kuɗinsa.

Naji ance har mota?

Har mota. A 2022 BMW ya fara karɓar kusan dala 18 a wata a wasu ƙasashe kafin ya kunna maka ɗumama kujera, bayan wayoyin ɗumamawar suna cikin kujerar tun daga masana'anta kuma kuɗinsu yana cikin kuɗin motar. Surutu yayi yawa, a 2023 suka janye.

Malam wannan ai matsalar Turawa ce, mu ina ruwanmu?

In kaga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ai shafawa naka ruwa ake. Kuma maganar gaskiya wutar ta riga ta iso. Kayan da muke saye a nan da yawansu na hannu ne, kwantena ce take sauke su a Legas su bi ta Alaba su iso mana Sabon Gari, toh kayan da aka ɗaure da asusun wani Bature a Ingila ko Amurka in ya zo nan a ɗauren yake zuwa. Sau nawa ana kawo min kamara ta tsaron gida sabuwa fil a kwali, tana kunnuwa tana nuna hoto a waya amma ba zata ajiye bidiyon ko minti ɗaya ba sai an biya kuɗin wata da dala, kuma babu ramin saka memori a jikinta sam. Ku tambayi 'yan kasuwar waya ta Farm Centre a Kano wayoyi nawa ake kawo musu a kulle waɗanda ba na sata bane.

Ga kuma maganar canji. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayi kayansa ya biya ya gama tashin dala bai shafi abinda ke ɗakinsa ba, amma wanda aka ɗaurawa dala biyar duk wata kuɗinsa ya ninka sau uku yana zaune, bai ƙara komai ba, albashinsa kuma bai ninka ba.

Toh amma solar nan da ake biya kaɗan-kaɗan ai ta taimaki talaka, meye laifinta?

Ta taimaka, ba zan ci amanar gaskiya ba. Mutumin da ba zai iya tara kuɗin fanel da batir lokaci ɗaya ba ya samu haske da fanka da cajin waya, kamfanoni irinsu M-KOPA da Sun King da d.light da Lumos sun kai wuta ƙauyukan da turakun NEPA basu taɓa zuwa ba, kuma da yawan irin waɗannan tsare-tsaren in ka gama biya akwatin yana buɗewa gaba ɗaya ya zama naka. Wannan bashi ne mai ƙarewa, ba shi nake yaƙa ba. Abinda nake so mutane su gane kafin su sa hannu shine yadda makullin yake aiki da kuma wanda yake shan wahala in aka samu matsalar da ba laifinsa ba.

Ni kaina na sakawa Innarmu irin wannan a gida, wani kamfani ne ba sai na kira suna ba, mai ɗan faifan lambobi a jiki, ka tura kuɗi su turo maka lamba ta saƙo a danna. Wani azumi kwanakinta suka ƙare ban lura ba, bayan sallar isha'i ƙanwata ta kira ni tace Yaya akwatin nan fa jar wuta yake ta ƙyaftawa fitilu sun mutu. Nan take na tura kuɗin, banki ya cire, saƙon lamba shiru. Na kira layinsu yana ta ringin babu mai ɗauka. Nace mata duba min alamar batir, tace a cike yake duka layukan sun kawo, wato ranar Allah ta wuni tana caja shi, wutar tana ciki, fankar tana tsaye a gefen tabarmar Inna ga zafin nan na bazara, amma babu halin ta juya. Da fitilar waya suka ɗumama tuwon sahur, ƙanwata ta riƙe wayar a baki tana juya miya. Lambar bata shigo ba sai bayan an idar da asuba. Kuɗin kwanan nan da basu yi amfani da shi ba kuma babu wanda ya mayar mana. Tun daga ranar na daina bari kwanakin su zo ƙarshe, da na gama biya kuwa sai da na tsaya a gaban akwatin na tabbatar ya buɗe da idona.

Ni uwa ce, ina haɗawa 'yata kayan ɗaki, an nuna min firiza ta sola ta biyan wata-wata, in ɗauka?

Hajiya, Allah ya sanya alheri ya kaimu lokacin. Tambaya ɗaya zaki yi musu kafin komai, shin akwai ranar da za'a gama biya firizar ta zama ta yarinyar ko babu, kuma su rubuta miki ranar da jimillar kuɗin a takarda. In akwai, kuma kin lissafa kin ga za'a iya, babu laifi. In babu, don Allah ki bar musu kayansu ki saya mata ƙarama wadda kuɗinki ya kai.

Dalilina kin fini saninsa. Kayan ɗaki a wajenmu ai ba ado bane kawai, dukiyar mace ce, shine abinda take da iko da shi ko miji bai isa ya taɓa ba. Ranar da ta shiga matsi ta sayar da firij tayi jari, ko ta bada shi jingina, in zaman ya ƙi da kayanta take fita, in ta rasu 'ya'yanta su gada. Innarmu tana da keken ɗinki Butterfly na aurenta, ya haura shekara talatin, fentin jikinsa ya goge daidai inda hannunta yake sauka, abinda yake ci kawai ɗigon mai da ɗan bel in ya tsinke. Wata shekara da hatsi yayi tsada ta kai shi gidan maƙociya jingina ta karɓo kuɗin gero, bayan kaka ta fanso abinta, yau jikarta ce take koyon ɗinki da shi. Toh kayan da yake ɗaure da lambar wayar wani da asusun kamfani wa zai karɓe shi jingina? Wa zai saya? Kuma in ango ya gaza biyan watan ko suka samu saɓani yace ba zai biya ba, amarya ce zata zauna da firiza a kulle kayan miyanta suna lalacewa. Hausawa sun ce kayan aro baya rufe katara.

Kuma kar kiyi zaton kamfanonin basu san da kasuwar kayan hannu ba, sun sani sarai suna kuma toshe ta. Akwai wani gadon jarirai mai jijjiga da kansa da ake kira Snoo, kuɗinsa wajen dala 1,700, a 2024 suka mayar da wasu abubuwan manhajarsa na biyan dala 19.99 a wata, wanda ya sayi na hannu shi yafi shan wannan. Peloton ma a shekarar ya saka dala 95 kuɗin kunnawa ga wanda ya sayi injinsa a hannun wani.

DStv da Startimes ai haka muke biya tun da daɗewa, meye bambancin?

Bambancin shine su akwai abinda suke kawo maka sabo kullum, ƙwallo, labarai, fim, kuma suma biya suke kafin su samu damar nunawa, don haka kuɗin wata yana da hujja ko da farashin yana ciwo. Kuma yana ciwon, a watan Maris na 2025 MultiChoice mai DStv ya ƙara kuɗi, babban tsarinsa ya tashi daga naira 37,000 zuwa 44,500, har hukumar kare haƙƙin mai saye ta FCCPC tace su dakata magana ta kai kotu. Amma ko ba komai in ka gaji ka sa dish da dikoda ta tashoshin kyauta, talabijin ɗinka tana nan taka ce. Shi kuwa injin wanki me kamfani yake kawo maka duk wata? Ruwanka ne, omonka ne, wutarka ce.

Me yasa kamfanoni suka koma haka ne wai?

Kuɗi mana. Firij mai kyau sai yayi shekara goma sha biyar, kamfani ya sayar maka sau ɗaya shikenan bai sake ganin kwabonka ba, su kuma masu hannun jari sun fi son kuɗin da yake shigowa duk wata wanda za'a iya lissafa shi tun kafin ya zo. Ɗan guntun abin da yake haɗa na'ura da intanet kuma yanzu yayi arha sosai, saka shi a firij ko fanka ba wani abu bane, da zarar an saka kuwa an samu hanyar kullewa da buɗewa daga nesa, an samu hanyar sanin sau nawa kake amfani da abin. Sannan sun san halin ɗan Adam, kuɗi kaɗan-kaɗan baya jin zafin fitarsa kuma yana mantawa bai soke ba. Ka ɗauki naira 5,000 a wata ka buga sau 60, shekara biyar kenan, 300,000 ce, mutane ƙalilan ne suke wannan lissafin a gaban mai talla.

In kamfanin ya rufe ko ya bar ƙasar fa?

Nan ne babbar asarar. In kayan sai ya gaisa da kwamfutocin kamfani kafin yayi aiki, ranar da aka kashe kwamfutocin shima ya mutu. Ya faru da Revolv, akwatin sarrafa kayan gida na wajen dala 300, kamfanin Nest na Google ya saye su a 2014, a watan Mayun 2016 ya kashe tsarin duk akwatunan suka zama kwalliya, sai daga baya da aka yi ta ƙorafi aka ce za'a mayarwa mutane kuɗi. Wannan a Amurka kenan inda akwai mai jin kukanka. Mu nan da kamfani zai iya naɗe tabarmarsa ya tafi cikin dare, ofishin wa zaka je?

Kai da kake gyara, ba zaka iya cire min makullin ba kawai?

Ana yawan roƙona wannan, amsata kashi biyu ce. In bashi ne baka gama biya ba, ɗan'uwa kayi haƙuri ba zan taɓa ba, ka sa hannu ka karɓi kayan mutane, fasa makullin cin haƙƙi ne, kuma irin haka ne yake sa su ƙara tsanantawa akan waɗanda suke biya tsakani da Allah. In kuwa ka gama biya da shaidarka kamfani yaƙi buɗewa ko ya ɓace, toh wannan kayanka ne zan duba maka. Wani lokacin a sola fanel da batir da fitilun duk lafiyarsu ƙalau, allon da ke sarrafa su ne yake da makullin, sai a cire shi a saka kwantirola ta kasuwa. Amma ka sani garanti ya tafi, kuma batirin litiyom ba abin wasa bane, in aka cire abinda yake kare shi daga cika fiye da ƙima yana iya kamawa da wuta a ɗakin da yara suke kwana, kar ka baiwa wanda bai san aikin ba. Wasu kayan kuma an rufe manhajarsu yadda ko ni sai dai in kalle su in mayar maka, wannan ma wani ciwon ne a wajenmu masu gyara, yaran da muke koyawa aiki me zasu gyara nan da shekara goma in komai sai da izinin kamfani?

A addinance fa?

Hukunci na malamai ne, ka ɗauki takardar yarjejeniyar ka kai musu su karanta. Abinda kowa ya koya a fiƙihu dai shine ciniki yana mayar da mallakar kaya hannun mai saye, haya kuma amfani ne na lokaci sananne da kuɗi sananne, kuma ba'a son ciniki mai duhu wanda mutum bai san me ya saya ba. Don haka ko a nan tambayar farko ita ce, wannan saye ne ko haya.

Babu wata doka da zata hana su?

An fara motsi a wasu wurare. Tarayyar Turai tun 2021 ta wajabtawa masu ƙera firij da injin wanki su samar da kayan gyara na tsawon shekara 7 zuwa 10, a 2024 kuma ta amince da dokar haƙƙin gyara. Faransa tun 2021 take sa a liƙa maki a jikin wasu kayan wuta da ke nuna sauƙin gyaransu. Jihar Oregon a Amurka a 2024 tayi dokar hana ɗaure kayan gyara da manhaja yadda in ka saka wanda ba nasu ba na'ura zata ƙi karɓa. Sai dai yawancin dokokin nan akan gyara suke, basu hana kuɗin wata kai tsaye ba. A Najeriya FCCPC ce hukumar kare haƙƙin mai saye, dokar 2018 ce ta kafa ta, kana iya kai mata ƙorafi in an ɓoye maka sharaɗi ko an canza maka shi bayan ciniki, amma sai da shaida, don haka rasit da takardar yarjejeniya da saƙonnin biya kar ka yar ko ɗaya.

Toh in na shiga shago me zan tambaya kafin in biya?

Kace a kunna maka shi a gabanka babu intanet babu waya kaga ko yana aikin da ka zo saye dominsa, firij yayi sanyi, firinta ta buga, kamara ta ajiye bidiyo a memori. Ka tambaya in na daina biya me zai tsaya me zai cigaba, kuma kar ka yarda da "ai babu matsala Alhaji", a nuna maka a rubuce. In na biya kaɗan-kaɗan ne a faɗa maka jimilla da ranar gamawa, da abinda zai faru in ka makara sati biyu, da ko zasu iya ƙara kuɗi a tsakiya, da naira ne ko da dala. Ka tambaya ko zaka iya sayarwa ko ka mayar da shi sunan wani. In na hannu ne daga waje a tabbatar mai shi na farko ya cire asusunsa, in mai shago yace zaka iya yi a gida kace a'a ayi yanzu. Firinta kuwa ni mai tanki nake baiwa mutane shawara, wadda ake ɗura mata tawada daga kwalba, injin wanki kuma mai maɓallin murɗawa, in taima ɗinsa ya mutu akwai shi a kasuwa in canza maka cikin awa ɗaya. In ka rasa gane takardar ka ɗauki hotonta ka nunawa mai gyaran unguwarku ko wani ɗanka mai karatu kafin ka sa hannu, mai shagon zai jira, in yaƙi jira ka wuce shago na gaba.